Sallamar da Kyaftin Sa'idu Ya Yi Daga Sama

Shekara tara ke nan da rasuwar Kyaftin Sa'idu. Ni dillalin motoci ne a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, kuma sana'ata ta saba mini da jera kaya a gabana kafin na buɗe baki. Abin da aka jera a ranar da ya rasu shi ne mutum ɗaya a cikin ƙaramin jirgi mai farfela, da 'yan uwanmu wajen arba'in a kan tudun yashi, da mace a Zariya da 'ya'ya biyu. Mutum ɗayan aka ɗauka. Arba'in ɗin sun koma masaukinsu da yashi a kunnuwa. A lokacin na zaci magana ta ƙare. Sai bana na gane akwai sauran rai guda da bai fita daga cikinta ba, na ɗansa Hafizu, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Sa'idu ya zo Doha yana koyar da tuƙin ƙananan jirage a wani fili can arewa, cikin sahara. Sayen mota ya kawo shi wurina. Ya sa aka tayar da injin, ya rufe ido ya saurara, ya ce akwai abin da ke kuka a ciki. Gaskiyarsa ce. Na ba shi wata, daga nan muka ƙulla. In an yi bikin wasan jirage a filin nasu, yana cikin masu tashi. Jirgi ya miƙe sama, ya kife, ya mirgina, ya zubo yana jan farin hayaƙi, sai ka rantse ba mutum a ciki.

Masu wannan wasa suna da wata al'ada. Kafin su tashi, sai sun taka wasan a ƙasa. Mutum ya rufe ido, ya shimfiɗa tafin hannu ya zama jirgi, ya riƙa tafiya yana juyawa, yana durƙusawa, yana miƙewa, leɓensa na motsi ba sauti. Filin motocina yana da faɗi, don haka a nan Sa'idu yake yin nasa da safe, tsakanin layukan motoci. Ranar da na fara gani tsigar jikina ta tashi. Fuskarsa ba ta nan. Ka yi masa magana ba ya ji, kamar wanda aka riga aka tafi da shi, aka bar gangar jiki tana yawo. Da ya buɗe ido ya ce mini doka ce a wurinsu: duk juyin da bai taka a ƙasa ba, ba ya yin sa a sama.

Shi ya koya mini sauran dokokin, don malami ne, ba ya gajiya da bayani. Akwai igiyar da ake tsayar da 'yan kallo a bayanta. Jirgi ba ya fuskantar mutane, ba ya juyawa ta kansu. Akwai tsayin da ba a sauka ƙasa da shi, ko sarki ne ke kallo. Ya ce kowace ɗaya daga cikinsu, akwai wanda aka binne kafin a rubuta ta.

Mutanenmu ba sa shiga filin, don da katin gayyata ake shiga. Masu gadi ne da direbobi, in sun samu hutu sai su cika motoci su zagaya bayan shinge, su hau wani tudun yashi da ke ƙarshen hanyar tashin jirage. Daga can suke kallon namu. Haka suke kiran sa, namu.

Ranar Juma'ar da ta gabaci bikin muna cin abinci a kasuwar Asian Town bayan an sauko daga masallaci, Baba Iro ya tare Sa'idu. Dattijo ne, mai gadi a ɗaya daga cikin dogayen benayen West Bay, kuma babu baƙon da ya sauka Doha daga gida bai kwana a tabarmarsa ba. Sa'idu ma ya kwana.

"Kyaftin, bara mun tsaya a rana tun hantsi, ka wuce mu kamar ba ka taɓa cin tuwo ba. Ko sallama."

"Baba, a can sama ba a sallama."

"A ina aka haife ka? Mun ga ana kaɗa fiffike a talabijin. Ko sai manya ake kaɗa wa?"

Wani direba ɗan Zangon Kumasi ya ce, "Ku ƙyale shi, ya zama bature. Yanzu sai da biza ake gaisawa da shi."

Aka yi dariya. Sa'idu ma ya yi, kansa a sunkuye, ya ce, "In sha Allahu, Baba."

A hanyar zuwa mota na tambaye shi. Ya ce, "In sha Allahun kunya ce, Alhaji. Ba zan yi ba. Tudun nan ma bai kamata a bar kowa a kai ba." Da safen bikin ya taka wasansa a filina, na tsaya na kalla daga farko har ƙarshe. Babu sallama a ciki.

Ni ina bayan igiya, don ya ba ni kati. Ya yi komai yadda ya taka. Da ya fito daga juyin ƙarshe, abin da ya rage ya miƙe ya zagayo ya sauka. Sai na ga hancin jirgin ya karkata wajen tudun, ƙasa-ƙasa, ga shi gudu ya ragu. Ya sauke fiffiken hagu, ya ɗaga. Ya sauke na dama. Na daman bai dawo ba. Jirgin ya share kan mutanen ya ɓace a bayan tudun.

Abin da ba na mantawa shi ne nisa. Daga inda muke, ido yana riga kunne. Mun ga ya ɓace, mun ga ƙura ta tashi, filin ya yi tsit. Sannan iska ta kawo mana shewar 'yan uwanmu, suna murna an gaishe su. Murnar tana isowa ne bayan mai sallamar ya riga ya mutu. Ƙarar faɗuwar ta biyo bayanta, ƙarama, kamar an rufe ƙofar mota.

Kafin a gama zaman makoki labari ya sauya kama. Aka ce injin ne ya mutu, Kyaftin ya yi ta maza ya kauce wa mutane. Masu bincike sun faɗi nasu a fili: inji lafiyarsa ƙalau, matuƙi ya bar abin da aka tsara, ya fuskanci mutane, ba tsayi ba gudu. Amma mu ba ma faɗin laifin mamaci, kuma labarin farko ya fi daɗin kaiwa Zariya. Shi aka kai.

Akwai bidiyon da wani ya ɗauka daga kan tudun. Duk shekara in watan ya kama, sai a sake turo shi a guruf ɗinmu na waya. An yanke shi daidai inda fiffiken hagu ya sauka ya ɗago. A ciki ana jin muryar Baba Iro, kusa da wayar, yana cewa, "Wa alaikumus salam, ɗan albarka." Baba Iro ya koma gida ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Amma duk shekara sai na ji shi a cikin aljihuna yana amsa wannan sallama, mamaci yana amsa wa mamaci, ana ta jera addu'o'i a ƙasa.

Nakan tambayi kaina abin da Sa'idu zai ce in ya ga Doha ta yau. An kewaye tudun, ranar biki motar 'yan sanda ke tsayawa a gindinsa. Wasan da ake yi a gari an tura shi can kan teku, mutane suna kallo daga gaɓa, kowa ya ɗaga waya. Na san zai ce an yi daidai, don shi ya fara cewa a kori mutane daga wurin. Bidiyon ne ban san yadda zai yi da shi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara cewa ba a ƙara ko numfashi a kan abin da aka tsara, ga shi abin da aka fi tunawa da shi shi ne lokaci ɗaya da ya saɓa wa kansa.

Bana Hafizu ya zo koyon tuƙin jirgi. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka yi rasuwar, yanzu ya kai tsayin uban, har ƙeyar iri ɗaya. Ya sauka a gidana a Al-Sadd, yana ce mini Baba. Wata safiya na iso wurin aiki na hango mutum tsakanin motoci, ido rufe, tafin hannu a shimfiɗe, leɓe na motsi. Na kasa fitowa daga mota. Na san Hafizu ne, ni na ba shi makullin ƙofa, amma sai da na karanta abin da na iya. Ya zagaya, ya juyo, ya miƙe. Can a ƙarshe, hannun ya karkata hagu, ya ɗago, ya karkata dama.

Na jira ya buɗe ido. "Wannan na ƙarshen fa?"

"Sallamar Abba ce. Ranar da za a bar ni na tashi ni kaɗai, su kawu, mutanenmu na nan Doha, sun ce za su zo bakin shinge."

"Malaminka ya sani?"

Ya yi murmushi. "Ba sai ya sani ba, Baba. Abin ƙiftawar ido ne."

Ban taɓa sayar wa mutum mota na ɓoye masa cewa birkinta ba ya ci ba. Na zaunar da shi a kan bayan wata a-kori-kura na gaya masa komai. Na ce injin babanka bai mutu ba. Na ce an roƙe shi ya ce ba zai yi ba, da ya hango su a kan tudu sai kunya ta fi ƙarfinsa. Na ce bai kauce wa mutane ba, shi ya kai jirgin kansu, kuma tsakanin su da kabari bai wuce tsayin wannan motar ba. Na gaya masa abin da ya biyo bayan inda aka yanke bidiyon.

Da na gama ya ce, "Kai dillali ne. Me ka sani a jirgi?"

"Ban san jirgi ba. Na san wanda ke riƙe da sitiyari."

A ranar ya kwashe kayansa ya koma masaukin ɗalibai. Kafin mako ya zagayo magana ta kai ko'ina, aka ce Alhaji ya ci naman abokinsa. Mahaifiyarsa ta kira ni daga Zariya, ta ce, "Da ka bar mana shi yadda yake." Wani ya tare ni a masallaci ya tambaye ni ko na daina imani da ƙaddara.

Ban daina ba. Kwanan Sa'idu ya ƙare a wannan rana, ko da a kan gado yake. Amma ƙaddara ba ta taɓa hana a tambayi direba yadda aka yi ba. Ba na kuma ganin laifin Baba Iro. Masu kallo kullum sai sun roƙi ƙari, su ba su san abin da iska ke yi wa fiffike ba. Wanda ya sani mutum ɗaya ne, kuma shi ke zaune a kujerar. A ganina an yi dokar ne don irinmu, mu da a'a take yi mana nauyi a gaban babba. An ba matuƙi abin da zai fake da shi, ya ce Baba ba ni na hana ba, doka ce. Sa'idu yana da wannan mafaka, ya fita daga cikinta don kada a ce ba shi da tarbiyya. Mutumin kirki ne, ya fi ni kirki nesa ba kusa ba, kuma laifinsa ne. Duka biyun nake so su wanzu daga gare shi, don in aka bar kirkin shi kaɗai, wani yaron zai sake ɗauka ya hau sama da shi.

A watan jiya aka bar Hafizu ya tashi shi kaɗai. Ba a gayyace ni ba, na je. Na ajiye mota nesa da inda mutanenmu suka taru a bakin shinge, sun fi ashirin, wayoyi a sama. Jirgin ya tashi, ya zagaya, ya biyo ta gefen da suke. Suka fara ɗaga hannu suna kiran sunansa. Na riƙe murfin mota har yatsuna suka sage. Ya zo daidai inda suke, fikafikansa a miƙe kamar an auna da ma'auni, ya wuce. Ya zagayo ya sauka. Na ji wani yana cewa, "Yaron nan bai gaji ubansa ba."

To ga yadda cinikin ya tsaya. Na rasa kujerata a cin abincin Juma'a. Na rasa mutuncina a wurin matar abokina. Yaron da ke ce mini Baba, in mun haɗu a masallaci yanzu sai ya sauya sahu. Shi kuma Sa'idu, Allah Ya ji ƙansa Ya yafe masa, na cire masa rigar jarumtar da aka ɗinka masa, kuma ba ya nan balle na ba shi haƙuri. Wannan duk asara ce, ba mai dawo mini da ita. A ɗaya ɓangaren abu ɗaya ne tak: ƙofar jirgi ta buɗe, Hafizu ya sauko da ƙafafunsa. Na shekara talatin ina ciniki, ban taɓa saye da tsada haka ba, kuma in aka sake kawo mini shi gobe, a haka zan saya.