Garmar da Baffa Ya Sabunta

Baffa maƙeri ne a Doguwa, kuma in dai garma ce, har daga Tudun Wada manoma kan zo wurinsa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jin an yabi Umaru, maƙerin bakin kasuwa. Ko cewa aka yi Umaru ya iya gaisuwa, to ranar tuwo ba zai yi wa Baffa daɗi ba.

A shekarar 1954 wani malami ya zo daga Jos, yana tattara tsofaffin kayan sana'a don gidan ajiye kayan tarihi. Wurin Baffa ya fara sauka. Ya ga wata garma ta ƙarfen tama a rataye, ita kaɗai ta rage cikin abin da marigayi mahaifin Baffa ya ƙera. Ya ce ita yake so, zai dawo jibi.

Baffa ya ga abin kunya ne a ba baƙo abu mai tsatsa, balle wanda za a kai birni da sunan ubansa. Ya sa ta a wuta, ya buge ta, ya ƙara mata ƙarfen mota, ya yi mata sabuwar ƙota. Malamin ya dawo, ya jujjuya ta, ya yaba aikin, ya ce amma irinta cike take a kowace kasuwa. Sai ya wuce wurin Umaru. Shi kuwa Umaru, wanda lalaci bai bar shi ko ya goge garmar ubansa Mudi ba, ya miƙa ta yadda take.

Wata huɗu ƙyashi na cin Baffa. Matarsa Tasalla ta ce ya bar wa Allah, ya ce shi abin ko a jikinsa. Da kaka ta yi ya hau motar kuza ya nufi Jos, wai sayen ƙarfe.

A gidan tarihin akwai tukwane da kawunan yumɓu da aka tono daga ƙasa, bai ko dube su ba. Ya tarar da garmar da Umaru ya bayar cikin akwatin gilashi, bakinta a karye, tsatsarta na nan, mutane na leƙawa. Ya roƙi masinja ya karanta masa takardar da ke gefe. An rubuta cewa aikin Mudi ne, maƙerin Doguwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don Mudin nan a maƙerar mahaifin Baffa ya koyi riƙon masaba.

"Baba, ka san shi ne?" in ji masinja.

"Na san wanda ya koya masa."

"To, a kawo mana aikinsa mana, a ajiye su tare."

Baffa ya dubi hannayensa.

"Babu," ya ce. "Guda ce ta rage, ni na sa ta a wuta."