Makokin Gidan Anti Pearl

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar, ina tsallen igiya a ƙofar gidanmu a unguwar Lozells, can ƙasar Turawa, sai na ji ihu. Anti Pearl ce, maƙwabciyarmu 'yar Jamaika, ta fito titi ko takalmi babu. Ɗanta Leroy, mai gyara mana keke yana tsokanata wai ƙafafuna ba sa kai feda, ya shiga wani kanti a cikin gari, masu gadi suka ce ya yi kama da ɓarawo, suka danne shi a ƙasa har numfashinsa ya ɗauke. Ko allura bai ɗauka ba.

Mama ta yi abin da ta sani. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yafa mayafi, muka shiga ta'aziyya. A zatonta kafin magariba an kai shi makwancinsa kamar yadda ake yi a Kano, har tambaya ta yi ko maza sun dawo daga maƙabarta. Anti Pearl ta ce ai ko ganinsa ba a bar ta ta yi ba, yana can cikin firjin asibiti, wai sai an gama bincike.

Maganar nan ta hana Mama sakat. Makonni suka shige, ganyen bishiyoyin makarantarmu ya zube, Leroy na kwance cikin sanyi. Ta ce tunda ba a binne shi ba makoki bai tashi ba, don haka kullum sai kwanon tuwo ya tsallaka katangar baya. Na tsani kankare tukunyar nan, amma fuskar Mama ba ta ba da damar ƙorafi. A makaranta kuwa muka daina wasan ɗan sanda da ɓarawo, don babu mai yarda a kwantar da shi ƙasa.

Da baƙaƙen unguwa suka shirya zanga-zanga, Baba, wanda likita ne, ya hana. "Hajiya, a kan work permit muke fa, izinin aiki kawai. Hoto ɗaya a jarida, sai dai mu haɗa kaya." Mama ta ce, "Doctor, da ɗanka ne a fridge ɗin nan fa?" Ranar zanga-zangar, Mama, matar da ko gawar mahaifinta ba ta raka ba, tunda mata ba sa zuwa maƙabarta, ita ce ta riƙe hannun Anti Pearl a sahun gaba, ni ina maƙale da gefen mayafinta. Ba ta iya waƙoƙinsu ba, salati ta yi ta yi har muka isa inda aka nufa. Sai da sanyi ya kankama aka ba da gawar, kuma ba a hukunta kowa ba. Ranar jana'iza Baba na cikin masu ɗaukar akwatin.

Yanzu ina Hulme a Manchester, inda ko sunan maƙwabcina ban sani ba, kuma ina kewar layinmu na Lozells da matansa. Ɗana ya fi ni tsawo, muryarsa ta buɗe. Duk sanda zai fita sai na ce ya sauke hular rigarsa, ya fid da hannuwansa daga aljihu. Yakan yi dariya ya ce, "Mum, chill." Har yau ban koyi zama ba in yaro yana waje.