Baba Dobrivoje da gwiwar matarsa

A ƙauyenmu na bayan tsaunukan Svrljig, duk wanda ya yi aure kafin zuwan injin kiɗa, Baba Dobrivoje ne ya busa masa gajde, algaitar nan tamu mai salkar fatar akuya. Ni ma shi ya busa mini, kuma har gobe in muka haɗu a bakin shingen da ya raba gidajenmu sai ya tuna mini cewa na taka surukata a filin rawa.

Shi ba ya busa da ka. Haka ya gada wajen mahaifinsa: ƙafar mai jan layin rawa yake kallo, ta yi sauri ya yi sauri, ta lafa ya lafa. Mai jan layin kuwa tun suna saurayi da budurwa Stamenka ce, matarsa. Da masu biki suka koma ɗauko mutum ɗaya da injin da ke yin aikin makaɗa goma, sai aka daina nemansa. Bai taɓa ƙorafi ba. Ya dai ci gaba da shafa wa salkar mai, yana zama bakin taga wai yana duba hadari. Kowa ya san kira yake jira, ko da na sunan jariri ne.

Waɗanda suka kira shi ɗin wasu samari uku ne makaɗa daga birnin Nish, gashi har kafaɗa. Babbansu Vukashin, mai jitar lantarki. Ba su da mawaƙi, wai magana tana ɓata kiɗa. Na saurari nasu, kamar ana yanka kwanon rufi da zarto ana tsaka da ruwan sama. Sun ce suna son muryar kakanni a ciki, wato busar Baba.

A tsakar gidansa suka baje wayoyi. Baba ya hura salka ta cika, sai ya tsaya.

"Kawu, fara mana," in ji Vukashin.

"In fara wa wa? Ku duka a zaune kuke kamar masu jiran mota." Ya waiwaya wajen murhu inda Stamenka ke gasa tattasai. "Tsohuwa, zo ki taka mini."

"Da wace gwiwar? Wadda na ƙarar wajen bin ka bukukuwa?"

Amma ta zo, da tsumma a hannu. Gwiwarta ta hagu ta daɗe da lalacewa, saboda haka in ta yi 'yan taku sai ta ɗan maƙale, shi ma busar ta maƙale, sannan su zabura tare. Mai gangar samarin ya bi, ya bi, ya ɓata. Vukashin ya dafe kai.

"Inna, wannan taku ba ya cikin kowane littafi! A ina kika koya?"

"Sanyin ƙashi ne, ɗan nan. Jira ka girma, kyauta ake ba da shi."

Suka yi wasa a Nish, suka yi a Belgrade. Stamenka tana takawa a bayan labule da silifas, inda mijinta kaɗai ke hango ta. Masu kallo ba sa rawa, tsayawa suke ido rufe suna gyaɗa kai kamar masu amsa gaisuwar mutuwa. Wata jarida ta rubuta cewa dattijon ya tsinka sarƙar lokaci. Ni ya kawo wa na karanta masa, ya sa na maimaita, washegari ya sayi sabuwar hula. Ranar da gari ya yi danshi gwiwa ta fi ciwo, ranar aka fi yi masa tafi.

Ana cikin haka aka gayyace su Jamus, asibiti kuma ya aiko cewa layin Stamenka na aikin gwiwa ya zo, bayan jiran da har ta fitar da rai.

"Ba sa iya ɗagawa zuwa kaka?" in ji Baba, yana kallon miya.

Ta dube shi. Ya tashi ya je ba kaji tsaba, alhali ya ba su ɗazu. Shi ya ɗauki jakarta zuwa asibitin.

Da ta warke samarin suka dawo gwaji. Stamenka ta taka cas-cas kamar 'yar budurwa, busar Baba ta miƙe santal, har ni da nake bakin shinge ƙafata ta motsa. Vukashin ya ɗaga hannu.

"Kawu, ai wannan kiɗan biki ne."

"To da na mene ne?"

Yaron ya sosa gemu. "Inna, ko za ki ɗan ɗingisa? Ba da gaske ba, don kiɗan kawai."

Ba ta ko kalle shi ba, mijinta ta kalla. "In kai ka ce in yi, sai in yi."

Baba ya daɗe yana duban ƙafafunta. Ya san tafiyarsa Jamus ce ke tsaye a tsakar gidansa. Can ya matse salkar, iska ta fita da wani kuka mai ban tausayi.

"Ku naɗe wayoyinku kafin kaji su yi kashi a kai," ya ce. "Na daɗe ban ga matar nan ta taka ba ta cije leɓe ba."

Samarin ba su yi fushi ba, yara ne masu ladabi. Sun riga sun naɗi tsohuwar busar, ita suka tafi da ita, inji ke saki a kan dandamali ana tafa masa. Stamenka tana gaya wa mata a kasuwa cewa tsohuwar gwiwarta tana yawon Jamus, sabuwar kuma tana yi mata noman wake.

Jiya na fito ina jan ƙafa, ƙuguna ya riƙe. Na ga Baba ya ƙura wa tafiyata ido, yatsunsa suna motsi a kan shinge kamar yana busa gajde.

"Maƙwabci, ƙugun nan naka, ka ga likita?"

Na ce ban gani ba tukuna.

"To, kada ka yi gaggawa."