Motar da Aka Yi wa Bodin Ƙirya

Ni ba a sa ni boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma in ana zancen mota ba na yin shiru. Na san nauyin sifirin ɗin mota a hannuna tun matan garinmu ba su san warin fetur ba. Abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, muna zaune a wani ƙauye kudu da Tudun Wada, inda hanya take fara shiga daji ta nufi Doguwa.

Maigidana direba ne. A soja ya koya, da ya dawo ya aure ni, sannan ya kama tuƙa wa wani attajiri babbar mota tsakanin Kano da Jos. Sai ya yi wata da watanni ban sa shi a ido ba. Ɗanmu na fari ƙyanda ta kama shi ba ya nan, aka binne shi ba ya nan. Ranar da ya dawo ya shigo da 'yar riga a hannu, ya tsaya tsakar gida yana duban ƙofar ɗaki. Ban yi masa kuka ba. Na ce masa in zai sake hawa hanyar nan, ya biya garin Ƙofa ya ajiye ni gidan ubana tukuna.

Bayan kaka sai ga shi da mota.

'Yar gajera ce, korenta duk ya koɗe, tsohuwar motar soja. A hannun wani Bature mai haƙar kuza a duwatsun bayan Doguwa ya same ta, zai koma ƙasarsu. Mutane suka taru suna dariya, wai direba ya bar giwa ya hau akuya. Amma ƙafafunta huɗu duk suna ja. Akwai wani ɗan ƙarfe kusa da giya, in ya tura shi sai tayoyin gaba su ma su kama ƙasa, ta bi yashi, ta bi taɓo, ta hau inda jaki ma sai an lallashe shi. Shirinsa ya riƙa shiga ƙauyukan da manyan motoci ba sa kaiwa, ya kwaso dawa da gyaɗa ya kai Kwanar Dangora inda ake lodi, ya dawo ya kwana gida.

Ya ce da ni, "In ta ciyar da mu, na zauna. In ta kasa, ni ba ni da wata sana'a sai hanya."

Daga ranar na san zamana da shi a kan tayoyin nan huɗu yake.

Ina cikin kulle, shi kuma ba shi da wanda zai riƙe masa ko sifana. Sai ya fasa katanga gefen zaure, ya sa ƙyauren zana, ya shigo da motar har gindin tsamiyar da ke tsakar gida. Dattawa suka yi ta magana, ya bar su suka gaji. Nan na koyi aiki. Ni nake wanke fulogi da fetur a cikin tasar jerena. Ni nake tace mai da tsohon kallabina, don man da ake samu a gwangwani ba ya rasa ƙasa. In tankin ya yi yoyo, ni nake murza sabulun salo in liƙe. Na yanka fata daidai bakin ƙarfen da mai yake zuba, maigidana ya ɗaure, ba ta zubar ba. Har ƙarfen da ake murzawa a gaba a tayar da ita na iya, ko da yake ya taɓa dawowa ya bugi wuyan hannuna, na yi kwanaki ban yi daka ba. A duk ƙasar nan, daga Kiru har Doguwa, ban ji labarin wata mace da ta yi wannan ba a lokacin.

Matsalarta ɗaya, bayanta ƙarami ne. Buhunan da take ɗauka ba su isa su biya wahalar tafiyar ba. Ya ce zai cire bayan, ya sa mata bodin katako mai tsawo, da farin katako marar nauyi irin wanda ake yi wa kaya akwati a Kano.

Labari ya kai Ƙofa kunnen mahaifina.

Baba masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata. Turminsa uwa take daka a ciki ta bar wa 'ya. A wajensa itace iri biyu ne, ƙirya da sauran. Ya ji daɗi da surukinsa ya bar yawo, yana so ya sa hannu. Ya aiko kada a sayi katakon kowa, sai ga shi a kan jaki da gizago da gatari. Ya sauka gidan liman, don ba zai kwana gidan 'yarsa ba, kullum da safe ya shiga daji. Ya sare ƙirya, ya sassaƙe ta, ya fere kowace mahaɗa ta shiga 'yar'uwarta ko ƙusa ba ta nema. Gumaguman ƙasa ya yi su da kauri irin na gindin rumbu. Ya zarce da bodin bayan tayoyin baya, ya ɗaga shi ya wuce kan mutum. Yana aiki yana cewa gara ba za ta taɓa shi ba, ruwa ba zai ci shi ba, jikoki ma za su hau.

Aiki ne mai kyau. Har gobe ina faɗa, ban ga wanda ya kai shi ba.

Ranar ɗorawa mazan unguwa suka taru suka ɗaga da kyar. Ana saukar da shi motar ta durƙusa kamar kaza a kan ƙwai. Ina leƙe ta labule, na ga fuskar maigidana. Ya cire takalmi, ya tsuguna gaban Baba, ya yi godiya doguwa.

Da muka keɓe ya faɗa mini gaskiya. Ya ce ko buhu ɗaya ba a sa ba, ta riga ta ɗauki rabin kayanta, ga tsayin nan zai sa ta riƙa tangaɗi a gangare. Na ce to ya gaya wa Baba. Ya dube ni kamar na ce ya je ya mare shi. Mutumin da ya tsaya gaban hafsoshin Turawa ya yi magana, bai taɓa haɗa ido da ubana ba. Ko hanya suka haɗu, ratsewa yake ya tsuguna. Ta yaya zai ce da suruki kyautarka ta yi nauyi?

Ni na ɗauki maganar. Na dama fura na kai wa Baba kafin ya tafi, na faɗa masa a hankali. Bai yi fushi ba. Ya sa aka kira maigidana, ya zo ya tsuguna can nesa.

"Direba, an ce aikina ya yi wa motarka nauyi?"

"A'a, Baba. Ya yi daidai. Allah ya ƙara girma."

Baba ya juyo gare ni yana murmushi. "To kin ji. Ku mata da tsoro."

Shi ke nan, ya hau jakinsa.

Ranin nan ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Kafin magariba nakan ji kukanta daga nesa, in tashi in buɗe ƙyauren zana. A ranin na samu ciki. Amma kwanciyar hankali ba ta zo ba, don sifirin ɗin baya ya fara karyewa, falle bayan falle. Ƙarafa ne shimfiɗaɗɗu a jere, su suke ɗauke da nauyi suna lanƙwasa suna dawowa. Sabo sai Kano, shi ma ba kullum ba. Ya samo na wata matacciyar babbar mota a Kwanar Dangora, ya kai wa maƙerin garinmu ya yanke daidai. Maƙeri ya yi musu yadda yake yi wa gatari, ya gasa suka yi ja, ya tsoma a ruwa. Suka yi tauri, amma lanƙwasar ta tafi. Mu biyu muka ɗaura su, ni ina ƙarƙashi da cikina ina riƙe da noti. Ya ƙara falle a kan falle, ya naɗe da kirin fata jiƙaƙƙe, in ya bushe ya matse. Duk ƙarin da aka yi, motar ƙara tsayi take.

Na ce mu rage katakon ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Ya ɗauko gizago ya fara, ƙirya ta ƙi, sai 'yan ɓarɓashi. Sannan ya ajiye. Ya ce duk ranar kasuwa Baba yana Kwanar Dangora da turamensa, da ya ga motar sai ya taso, ya riƙa shafa bodin da tafin hannu ciki da waje, yana nuna wa mutane aikinsa. In hannun nan ya ji saran wani, ya ce, da wace fuska zai sake gaishe shi?

Ana nan sai ɗan saƙon attajirin ya zo, wai an sayi sabuwar mota ana neman hannunsa. Ina bayan zana ina ji. Maigidana bai ce a'a ba. Cewa ya yi a bar shi ya ga damina. Ranar tuwona bai yi daɗi ba.

Damina ita ce lokacinta. Hanya ta lalace, manyan motoci sun tsaya, hatsi ya yi wuya a gari, alhali yana nan cikin rumbuna a ƙauyukan bayan Doguwa. In ta fito da shi, ta ciyar da mu shekara. Ya yi sawu ɗaya lafiya, ya yi na biyu. Kullum kafin ya fita nakan durƙusa in duba kirin nan da hannuna.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye tas. Yadda aka yi ban gani ba, Fulanin da suka kawo shi ne suka faɗa. Akwai wani rafi mai gaɓa a karkace. Ya sauke mutanen da ke kan kaya, ya tura ƙarfen nan na kusa da giya, ta ratsa ruwa lafiya. Tana hawan gaɓa sai aka ji ƙas, ƙarfen maƙeri ya karye. Kaya suka kwanta gefe guda. Suka ce a hankali ta tafi, kamar raƙumi zai kwanta, har suna zaton zai fita. Ya yi tsalle, santsi ya kwashe shi, gungumen bodin ya sauka a kan ƙafarsa.

Makiyayan suna kusa da shanunsu. Suka kwashe buhuna, suka ɗaura igiya a bijimai, motar ta ƙi motsi a cikin laka. Suka sa gatari su sare gungumen ya saki ƙafar. Gatari ya dakushe, ƙirya ko tsagewa ba ta yi ba. Sai ƙasa suka tona ta ƙarƙashinsa da fartanya da hannu suka zaro shi. Bayan la'asar suka iso da shi a kan gadon kara. Dattijon cikinsu ya tsaya bakin zaure ya ce a gaya wa matar gida ta yi haƙuri, da ransa.

Na haɗa wuta na dafa ruwa. Maɗori ya zo ya ja, ya tofa, ya ɗaure da karare. Ƙashin ya kama, gwiwar ce ta ƙi lanƙwasa har abada. Ta hagu ce, wadda ake taka kuloci da ita.

Baba ya zo. Ya shiga har ɗaki, abin da bai taɓa yi ba, ya tsuguna gaban gadon. Maigidana ya yi ta ƙoƙarin tashi ya gaishe shi, Baba ya danna kafaɗarsa. Suka daɗe. Ban da sannu da yauwa ban ji komai ba. Katako bai fito daga bakin kowa ba, ranar ko bayanta. Motar kuwa sai da rani aka jawo ta, wani mutumin Bebeji ya sayi injin, sauran ya tafi wajen maƙera.

Da kaka ɗan saƙon attajirin ya dawo. Ya tarar da maigidana a zaure, ƙafa a miƙe, sanda a gefe. Ya dubi ƙafar, ya yi addu'a, ya yi zancen amfanin gona, ya tashi. Bai ko ambaci abin da ya kawo shi ba. Ina riƙe da ƙwaryar ruwan da zan aika masa, na tsaya har sawunsa ya ɓace. Na kai wa maigidana abinci, ya ce in ajiye. Haka na ɗauke abincin da yamma, bai taɓa ba.

Bai sake kwana a wani gari ba har Allah ya karɓi ransa. A zauren nan ya zauna yana gyaran keke da fitila, daga baya har injin niƙa ake kawo masa. Mun haifi 'ya'ya, mun aurar. Bai taɓa gaya mini magana marar daɗi a kan wannan ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Sai dai ko ana tsakiyar hira, in babbar mota ta taho kan hanya tana canja giya za ta hau tudu, yakan yi shiru, ya karkata kai. Ni ma sai in yi shiru, mu jira ta wuce.