Ƙafar Baba a Cikin Wayoyi Biyu

A shekarar da Baba ya baro Kwalkwalawa ya dawo wurina Ƙofar Rini da zama, wayoyi biyu ne a gidanmu, tawa da ta maiɗakina. A wata ɗaya muka saye su, a layin masu waya na bakin kasuwa, kuma tun daga ranar muke musu a kansu.

Tawa mai araha ce, amma gabjejiya a hannu. Batir ne ya ja ni gare ta. Ni malamin firamare ne, makarantarmu ba wuta, unguwarmu kuma sai an ga dama ake kawowa. Mai shagon ya ce mini in ta sha caji sai ta wuni ta kwana ta sake wuni, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai tana da nawa. In ka taɓa ta sai ta yi shawara da kanta kafin ta amsa, in kuwa rana ta take da bazara, bayanta kan yi zafi kamar daga kan murhu aka ɗauko ta.

Maiɗakina ɗinkin mata take yi a gida, tana tura wa masu saye hotunan atamfa da leshi. Ita sai ta ƙara kuɗi ta ɗauki ta tsakiya, ba ta manyan masu hali ba, ba kuma irin tawa ba. Siririya ce, ga sauri, kuma hotonta yakan fito da launin yadi yadda yake. Nakan ce mata ado ta saya, ita kuma ta ce ni bulo na saya. Musun bai taɓa wuce dariya ba.

Baba manomin fadama ne, shinkafa da damina, albasa da rani. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, amma muddin Inna tana raye akwai mai tsare masa abinci da magani. Da ta rasu sai ya koma cin abin da ya samu. Da ƙyar muka shawo kansa ya bar wa ƙanensa gonar ya biyo ni birni. Na gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Ba ya ƙorafi, sai dai kullum da hantsi yakan zauna bakin ƙofa yana tambayar masu wucewa ko an yi ruwa a wajen gari.

Wata rana ya je duba gonar ya dawo. Washegari maiɗakina ta shiga share masa ɗaki, ta ga ɗigon jini a kan buzun sallarsa. Muka duba, ashe wani abu ne ya soke shi a tafin ƙafar hagu, a gindin ƙaramin yatsa. Shi bai ma ji ba, don ƙafafunsa sun daɗe da daina jin abu sosai.

"Wanga ɗan abu ka tada hankalinku?" ya ce. "Ƙahwar da ta san ƙaya ta san laka tun ba a haihe ku ba."

Na kai shi ƙaramin asibitin unguwa, aka wanke, aka ɗaure, aka ba shi ƙwayoyi. Sannan na kira babbar yayarmu, wadda muke ce wa Adda. Ma'aikaciyar jinya ce, aure ya kai ta can kudu, tafiyar da ba a yi a wuni ɗaya. Ta koya mini yadda zan riƙa wanke ciwon da canza bandeji, ta ce kuma kowace safiya, kafin in ɗaure, in ɗauki hoto in tura mata.

Haka muka shiga yi. Bayan sallar asuba, in gari ya ɗan yi haske, sai in durƙusa gaban Baba da tafasasshen ruwa da auduga. Ya miƙo ƙafar a kan matashi, in wanke, in ɗauko wayata, in jira ta farka, in ɗauka. Hoton yakan fito da kyau. Fata sumul, ciwon ɗan ja kamar yana shirin kamewa. Adda ta duba a wurin aiki ta turo saƙon murya: "Alhamdu lillahi, da sauƙi. Ku ci gaba."

Da idona kuwa ban ga wani canji ba. Ɗakin ba shi da haske sosai, tafin ƙafar Baba kuma dama baƙi ne, ya yi kanta saboda shekarun fadama. Abin da kake gani kullum, in yana sauyawa a hankali, ba ka lura. Maiɗakina ce ta fara cewa tana jin wani wari in ta kai masa kunu. Na faɗa wa Adda, ta sake duba hotunan, ta ce ƙila bandejin ne yake jiƙewa da gumi, mu riƙa canzawa har da yamma.

Ran nan da safe na wanke ciwon, na ɗauko waya, sai ta ƙi. Ta ce ta cika, ba wurin sabon hoto. Na fara goge-goge, tana ta nawa, ga lokacin makaranta yana ƙurewa. Maiɗakina tana tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu.

"Malam, bari in ɗauka da tawa," ta ce.

Ta ajiye kwanon, ta durƙusa, ta gaida Baba, ta ɗauka ta tura wa Adda. Ban gama naɗa bandejin ba wayarta ta yi ƙara. Adda ce, kuma ba saƙon murya ba, kira ne. Maiɗakina ta miƙo mini.

"Ƙafar wa kuka turo mini?"

"Ta Baba mana."

"Wadda ka turo jiya fa?"

"Ita ce, Adda."

Sai ta ce in kwance bandejin, in sake ɗauka da wayata, yanzu-yanzu. Na samu na goge wasu abubuwa, na ɗauka. Muka jera wayoyin biyu a kan tabarma muna kallo. Ƙafa ɗaya, safiya ɗaya, amma kamar ta mutum biyu. A tawa fatar ta yi haske ta yi laushi, ciwon ɗan ƙarami. A ta maiɗakina akwai wani baƙin zobe da ya kewaye ciwon, ƙaramin yatsan ya yi duhu, bayan ƙafar kuma ya kumbura yana sheƙi. Da na sake kallon ƙafar kanta, sai na ga duk abin yana nan.

"Ka bar makaranta yau," in ji Adda. Muryarta ta koma irin ta wurin aiki. "Ku kai shi babban asibiti. Ba gobe ba, ba da yamma ba."

Baba ya ji komai. Ya janye ƙafarsa ya rufe da bakin riga.

"Ba ni zuwa," ya ce. "Na san abin da suka yi ma mutane can. Da ƙahwata niz zo duniya, da ita ni ka komawa."

Na roƙe shi. Adda ta yi masa magana a waya har ta yi kuka, ya ce Allah ya yi mata albarka amma ba shi zuwa. Na rasa yadda zan yi. Ban saba jayayya da shi ba, ko da ina yaro.

Maiɗakina ce ta matsa kusa da shi. Tsakaninsu akwai kunya irin ta suruki da matar ɗa, ba ta cika doguwar magana a gabansa ba. Ta ce, "Baba, ku dai duba da kanku." Ta buɗe hoton, ta ja shi da yatsu biyu har ciwon ya cika gilashin wayar, ta riƙe masa kusa da fuska. Sai a lokacin na tuna Baba bai taɓa ganin ciwon ba. Bayansa ba ya lanƙwasuwa ya kai can, idanunsa kuma sun yi rauni.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa ta ta ƙara matso da wayar. Sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ruɓa ta. Haka ta ka farawa ga albasa, daga gindi." Ya ɗaga kai ya dube ni. "Miƙo min hulata."

Maƙwabcinmu ya kai mu da motarsa. Likitan da ya duba shi bai yi mana faɗa ba, ya dai ce gara da muka zo. Aka cire ƙaramin yatsan da na kusa da shi, ƙafar ta tsira. Da Baba ya farfaɗo ya nemi a ɗaga masa bargo ya gani. Ya ga tudun bandeji, ya ga dunduniyarsa tana nan, ya yi hamdala ya mayar da kansa kan matashi.

Mun daɗe a asibitin. Wurin caji ɗaya ne a ɗakin, masu jinya suna layi a kansa, wayar maiɗakina kuma kafin la'asar ta fara neman caji. Tawa ce ta zauna a ƙarƙashin matashin Baba, tana yi masa karatun Alƙur'ani da safe, da rana ya saurari rediyo ya ji inda aka yi ruwa. Wani dattijo a gadon kusa da shi, wanda ya zo daga ƙauye ba shi da waya, da ita yake kiran iyalinsa. Hoto kuwa, daga ranar nan ta maiɗakina ce take ɗauka.

Daga baya wani abokin aikina ya nuna mini wurin da ake kashe abin da ke gyara fata a kyamarar wayata. Ashe a kunne ta zo da shi daga shago, don masu son fuskarsu ta yi haske a hoto. Na kashe, hoton ya rage ƙarya, amma bai kai na ɗayar ba. In ɗaki ba haske, baƙi da baƙi duk ɗaya ne a wurinta. Ban riƙe ta a zuciya ba. An yi ta ne don ta faranta wa mai kallo rai, ni kuma na sa ta aikin da ba nata ba. Na ci gaba da amfani da ita har ta mutu don kanta, sannan na daure na sayi ta tsakiya.

Bayan an sallame mu muka ci gaba da tura wa Adda hoto kowace safiya, wata da watanni, har wurin ya cike ya rufe. Ko bayan nan ba ta yarda mun daina ba, ta ce a riƙa duba ƙafafun duka biyu. Baba ya koyi tafiya da sanda. Da kaka na kai shi Kwalkwalawa, ya zauna gindin bishiya yana kallon ana yankan shinkafa, yana yi wa ƙanensa gyara daga nesa. Ya ɗebi kaɗan daga damin farko ya murza a tafin hannu, ya ce ba ta yi laifi ba.

Ya ƙara ganin damina da kaka bayan wannan. Ba ƙafar ce ta yi ajalinsa ba. Zazzaɓi ne ya sauka masa a ƙirji, ya yi 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa wata ranar da hantsi. Adda tana hanya aka kai shi makwancinsa, sai washegari ta iso.

Da masu ta'aziyya suka ɗan ragu, ta kira ni cikin gida, ta ce in tura mata hotunan Baba na shekarun nan da ba ta nan, tana son ta nuna wa 'ya'yanta kakansu. Na ɗauko wayata, maiɗakina ta ɗauko tata, muka zauna mu uku a kan tabarma muna ja. Ƙafa, ƙafa, ƙafa. Ƙafa da bandeji, ƙafa ba bandeji, ƙafa a kan matashi. Baba ba mai son hoto ba ne, mu ma bai taɓa faɗo mana a rai mu ɗaga wayar sama kaɗan ba. Fuskarsa ba ta fito ko a ɗaya ba.

Adda ta karɓi wayar maiɗakina ta ci gaba da ja ita kaɗai. Can sai ta tsaya, ta faɗaɗa wani hoto daga gefe. A kusurwar akwai hannun Baba, ya riƙe bakin wandonsa ya ɗaga don kada ya jiƙe, ga zoben azurfarsa, ga tabon lauje a babban yatsa. Ta koma na gaba, hannun yana nan. Na gaba ma haka.

"Turo mini waɗannan," ta ce wa maiɗakina. "Duka."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ni kuma na tashi na koma zaure, don an yi sallama, wasu baƙi sun iso daga Kwalkwalawa.