Ranar da na kai kakana cikin aji

Shekarun baya, ina lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, malaminmu na faransanci ya dawo daga wani horo da sabon salo. Kowane ɗalibi zai tsaya gaban aji ya yi bayani, na'ura na haska hotunansa a bango, kowane hoto ya yi daƙiƙa ashirin ya wuce da kansa. Ko ka gama magana ko ba ka gama ba, babu ruwan na'ura. Ya kuma raba mana takardar yadda zai ba da maki: muryar da ake ji, bin lokaci, tsarin magana, sai kallon masu sauraro ido da ido.

Wannan na ƙarshen shi ya kashe ni. Ni da aka raina a Kore Mairuwa, inda in babba na magana ƙafarka kake kallo? Ga shi na riga na maimaita ajin. In makina bai kai ba a wannan shekara, kora ce, sai in tattara tabarmata in koma gida.

Ranar gwaji na haddace bayanina kan cin rani tsaf. Ina ɗaga kai muka haɗa ido da malam, wallahi sai faransancin ya gudu ya bar ni. Hotuna na ta wucewa a bayana, ni kuwa ina nazarin siminti. Malam ya ce, “Kin san abinki, amma ƙasa kika yi wa bayani. Ranar gaske da mataimakin shugaban makaranta za mu zauna.” Wato manya biyu ke nan. Na tsorata ƙwarai.

Ranar kasuwa kakana ya kawo mini gero gidan da nake zaune. Tsakanina da shi wasa ne tun ina rarrafe, “amarya” yake ce mini, ni kuma in ce ba ni son miji marar haƙori. Ya tarar ina hawaye, na faɗa masa komai.

Ya ce, “Ke da ke hararata tun ba ki iya tahiya ba, yau kallon mutum ya gagare ki? In zo ki kalle ni mana.”

Na yi dariya, daga baya na ga ai ba shirme ba ne. Na je wurin malam kaina a sunkuye na roƙe shi. Ya duba takardarsa ya ce, “An ce a kalli masu sauraro, ba a ce wane ba. Ya zo.”

Tsoho kuwa ya zo, da babbar rigarsa ta Juma'a da sandarsa, aka ba shi kujera daidai bayan malaman nan biyu. Na kafa masa ido na fara. Hoto na farko, na biyu, lafiya lau. Can tsakiya na manta wata kalma, kaina ya koma ƙasa, ina jin hoton zai wuce. Sai muryarsa ta cika ajin:

“Amarya, mi kika yar nan ƙasa? In zo in taya ki biɗa?”

Aji ya kwashe da dariya. Haushi ya kama ni, na ɗago na zabga masa harara, sai ga kalmar ta dawo. A haka na ƙarasa, ina hararar kakana da faransanci, na rufe baki daidai da hoton ƙarshe. Mataimakin shugaba har gyara zama yake yi, ya ɗauka da shi nake.

Na samu makin kallo cikakke, na kuma haye shekarar. A bakin ƙofa tsoho ya ce ko kalma ɗaya bai ji ba, amma ya tabbata zaginsa na yi.

Yau ni ma malama ce, da na'urar da takardar makin duk ina aiki da su, don sun koya mini tsayuwa gaban mutane. Sai dai in na ga yaro ya sunkuyar da kai, ba na saurin ba shi sifili, na san tarbiyyar gidansu ce ya zo da ita. Nakan tambaye shi ko kakanninsa na da rai. A zangon da ya wuce tsofaffi uku suka zauna mini a bayan aji. Wata kaka tun a hoto na biyu ta yi barci, jikanta bai fasa kallonta ba har ya gama.