Yatsa Uku a Kan Gulob

Shekarun baya ne, kuma sun yi nisan da ba zan rantse a kan kowace magana ba. Wasu kalmomin na riƙe su daram, wasu kuwa ina zargin ni na cike gurbinsu daga baya. Abin da na tabbata shi ne, a lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gumel, ban daɗe da gama jami'a ba, yayana kuma ya kusa shekara ba mu ji muryarsa ba.

Direba ne. Ya fita ta Maigatari da niyyar yin aiki a Libiya, ya ce ba zai wuce damina biyu ba. Kiransa na ƙarshe daga Agadas ne, yana cewa gobe za su shiga sahara. Daga nan shiru.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa. Wata Asabar da na je ƙauyenmu, can wajen Sule Tankarkar, ta ce da ni, "Kai da aka ce ka karanta duniya, ina ne wajen da wancan ya tafi?"

Da na koma Gumel sai na aro gulob ɗin makarantarmu, wato ƙwallon nan mai taswirar duniya a jiki. Saboda halina na tsoron kuskure, har ƙamus na buɗe na yi shiri, kamar wanda sufeto zai zo duba darasinsa. A mota a cinyata na rungume shi. Direban ya leƙo ta madubi ya ce, "Malam, riƙe ta da kyau. In ta faɗi duk mun shiga uku."

Na tarar da Inna a tsakar gida bayan azahar tana cura fura. Matar yayana na gefenta tana barbaɗa gari. 'Yar ƙanin Inna ce, tare muka taso, kuma ita ta laƙa mini suna Malam Wataƙila, don ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na ce "kusan".

Na gyara murya na ce, "Inna, wannan shi ake kira gulob. Mu a nan mun fi sanin kalmar a ƙwan lantarki, amma asalinta daga harshen Rumawan da ne, ma'anarta dunƙulallen abu, kamar curin furar nan. Turawa suka are ta, suna kiran abin da ya kewaye ta ko'ina da ita, har duniyar kanta."

Matar yayana ta ce, "Malam Wataƙila, ba jarrabawa za mu rubuta ba. Nuna mana wajen."

Gumel ba ta ciki, sai na nuna Kano, na nuna kudancin Libiya. Inna ta goge hannu a zani, ta ɗora yatsunta a tsakani. Uku suka cike gurbin. Da ta ɗaga, ga sawun gari a kan sahara. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa ɗan yatsa ta bi sama, ta haura ƙoƙon gulob ɗin, ta gangaro ta baya, ni ina juya mata, har ta ɓullo Kano ta ƙasa.

Ta ce, "To in mutum ya miƙe bai juya ba, yana ta tafiya, gida zai dawo ke nan?"

Na dubi fuskarta. Rabon da in ga haske irin wannan a cikinta tun kafin tafiyar. Ni da ban taɓa ba da amsa babu "amma" ba, ranar na ce, "Eh, Inna."

"Ta ina zai ɓullo?"

"Ta kudu."

Tun daga makon ta sauya wurin zamanta na la'asar. Ta kai tabarmarta gindin wata darbejiya a bakin hanyar da ta fito daga kudu, ta wajen Gagarawa. Mutane suna cewa ai arewa ya yi, ita kuwa sai ta yi murmushi. Ta koma cin abinci sosai. Na ce a raina ban yi ƙarya ba, a littafi ma haka yake.

Haka aka yi shekara huɗu, ina jin, ko da 'yan watanni. Sai kawuna, mahaifin matar yayana, ya zo ya ce lokaci ya yi da za a je gaban alƙali a raba auren, yarinya ta samu ta yi rayuwarta. Inna ta ce, "Ɗana mai ilimi ya nuna mini da idona. Yana hanya." Kawu ba ya tsallake maganar yayarsa, matar yayana kuma ta ce ba za ta fita gidan ba sai da albarkar Inna.

A zaure matar yayana ta tare ni wata rana, ina ɗaure jakata zan koma Gumel.

Ta ce, "Yau ba wasa na zo yi ba. Kullum wataƙila, wataƙila. Rana ɗaya tak da ka ce eh, a kaina ta faɗo. Kada ka zaci ba na sonsa. Amma sa'o'ina suna yaye na biyu, ni ina shara ina jiran mota daga kudu. Kai ka ɗaure ni, kai za ka kwance ni."

Mako biyu na yi ina shirya yadda zan faɗa, duk shirin ya watse da na durƙusa gaban Inna a gindin bishiyar. Na ce, "Inna, yatsa ukun nan tafiyar kwanaki ce a mota cikin rairayi, inda rijiya sai an dace. Gaba da nan teku ne, gaba da teku ƙanƙara. Babu mai zagayowa da ƙafa ko da mota. Abin da na faɗa gaskiya ne a kan gulob, amma ba a kan mutum ba."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ka san haka tun ranar?"

"Na sani, Inna."

Ta tashi, ta naɗe tabarmarta da kanta, na miƙa hannu zan karɓa ta ƙi. Ta ce, "Kira mini kawunka."

An raba auren. Matar yayana ta yi aure a Gagarawa, yanzu 'ya'yanta uku, kuma har gobe in mun haɗu tana tsokanata. Inna ba ta sake zuwa bakin hanya ba, ba ta kuma taɓa tayar mini da maganar ba. Bayan kamar shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Har yau ban san wanne ya fi zama laifina ba, amsar farko ko ta biyu. Ta farko ta ba Inna shekara huɗu tana cin abinci, amma daga rayuwar wata na yanko su, ban tambaye ta ba. Ina dai koyar da darasin nan duk shekara, kuma kafin in bar ɗalibi ya auna komai da yatsa, sai na gaya masa kwana nawa ne a ƙasa.

Akwai waɗanda suke tsakar gidan nan ranar, akwai masu wucewa ta gindin darbejiyar. In na sauya wata magana ko na rage shekara, ku rubuto ku gyara mini, zan karɓa. Direbobin da suka bi hanyar Agadas a shekarun nan kuwa, ku na fi roƙo. Na gaya wa mahaifiyata cewa ɗanta ba zai dawo ba, alhali ni ma ban ga kabarinsa ba. In akwai wanda ya san na yi kuskure a nan, don Allah kada ya ji nauyina.